Gurguwar Kujera

A Valparaíso, inda gari ya jingina da tudu,
gidaje sun hau kan juna kamar awaki,
nan na tsince ta, ran Talata da sassafe,
kafin motar shara ta iso kwanar layi.
An kifa ta kan buhun ɓawon dankali,
ƙafa huɗu a sama, kamar buzuzu ya faɗi rigingine.

Ni ne Nibaldo. Shekara talatin da ɗaya
ina shafa wa jiragen ruwa fenti a tasha,
har ran da suka ba ni agogo da takarda
suka ce in je in huta.
Hutun me? Hannun da ya saba da buroshi
ko cikin barci sai ya motsa.

Na saɓa ta a kafaɗa.
Matakala ɗari da sittin zuwa ƙofata,
sau uku ina tsayawa ina haki,
karen maƙwabci na bi na da haushi
sai ka ce gadon ubansa na ɗauko.

Kwana biyu ina kankara.
Fatar sama ruwan ƙasa, ta tsattsage kamar faso.
Ƙarƙashinta kore, mai kauri, aikin gaggawa,
wanda ya shafa bai jira ya bushe ba,
ga sawun babban yatsansa a bayan majingina.
Ƙarƙashin kore, fari.
Ƙarƙashin fari sai katakon kansa,
ja-ja, da ƙamshin da bai mutu ba,
gara ta ɗanɗana ta bari.

Hannun dama ya lotsa, ya yi sulɓi,
wani ya daɗe yana ɗora gwiwar hannu a nan.
Ƙunar sigari bakwai a jere.
Na cike shida da garin katako da gam,
ta bakwai na bar masa.

Fentin ragowar gwangwani ne
da Ulises mai gadi ya ajiye mini,
shuɗi na jirgin masunta,
irin wanda gishirin teku kan lasa har ya gaji.
Shafin fari katako ya shanye kamar mai ƙishi.
Na biyu ya zauna.
Na uku na yi da hantsi, taga a rufe,
don iskar teku ba ta da kunya, da yashi take shigowa.

Ƙafar baya ta hagu ta gaza 'yan'uwanta
da kaurin kwabo biyu.
Na yanko ɗan katako zan ƙara mata,
ruwan shayi ya tafasa, na manta.

Ran Lahadi na kai ta kasuwar gwanjo,
tsakanin mai tsofaffin rediyo da mai takalma.
Jama'a su shafa, su taya, su wuce.
Da rana ta take sai ga wata tsohuwa,
baƙar riga, jakar albasa a hannu.
Ba ta taya ba. Zama ta yi.
Kujera ta ce ƙwas, ta karkata hagu.
Ta gyara zama. Ta sake cewa ƙwas.

Sai ta kai yatsa hannun dama
tana lalube bisa shuɗin
har ta faɗa ramin nan na bakwai.

"Wata takwas ina kewaye ta a ɗaki," in ji ta,
"na kasa zama, na kasa kallo.
Ɗana ne ya fitar da ita da dare.
Osvaldo ba ya son shuɗi,
ya ce launin asibiti ne."

Na ce kwana uku sun isa in mai da ita yadda take.
Ta girgiza kai. "Bar ta.
A haka zan iya zama."

Ta miƙo kuɗi, na ƙi.
Ta dire albasa huɗu kan jaridata,
ba ta tsaya jin gardama ba.

Na sake saɓa kujera.
Layinsu matakala ɗari biyu da goma ne,
tana gaba tana faɗan kada in goge ta da bango.

Ɗan katakon nan na aljihun rigata har yau,
jiya ma ya soke ni a mota.